Inda Dada Take Kai Furar Hamma

Unguwar Jekadafari,
Gombe.

Zuwa ga ƙanena Abdulrazak,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Najeeba da yara, Ya tsare ku a garin nan naku na Fatakwal da ruwan sama ba ya ɗauke masa. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan yayanmu Hamma Bamanga, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya huta, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Muna nan yadda ka bar mu bayan sadakar bakwai. Matarsa Nana Hadiza tana cikin takaba, ta rame ƙwarai amma ta fara taɓa abinci, yaransa kuma sun koma makaranta. Ni har yanzu ban koma ɗakina a Dawaki ba, ina nan gida tare da Dada. Maigidana ya ce in zauna har a yi arba'in, shi babu abin da ya dame shi, amma kullum sai ya aiko a tambaye ni inda nake ajiye yaji.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Gidan nan yanzu ko atishawa ka yi a waya, kafin ka share hanci labari ya kai wa Kawu Bappayo. Ban kama mai kai masa ba tukuna, ko da yake ina da wadda nake wa kallon gefen ido. Kai kuma wayarka kullum tana hannun 'yarka Sumayya tana danne-danne. Shi ya sa na ba Iro, direban nan da ke kai shanu Kudu, na ce masa hannunka kawai. Ka samu wuri ka karanta kai kaɗai. Abin da ya sa na rubuto shi ne, Kawu ya ce mana ya kira ka, ya gaya maka da zarar an yi sadakar arba'in zai tafi da Dada gidansa na Dukku ta zauna a can, kai kuma ka ce masa duk yadda ya gani daidai ne. Haba Abdulrazak. Uwarmu ce fa, ba buhun masara ba, da za a ɗauke ta daga wannan rumbu a kai wancan da magana ɗaya a waya. Yanzu kai ne namijin da ya rage a ɗakin Dada, kuma Kawu da bakinka yake tinƙaho. Ina so ka janye maganar nan, amma sai ka ji dalili tukuna.

Lokacin da ka zo gida cike yake da masu gaisuwa, ba mu samu zama ba, abin da aka gaya maka kawai shi ne zuciyar Hamma ce ta tsaya. Bari ka ji yadda abin ya kasance. Ranar ya tashi lafiyarsa ƙalau, ya tafi shagonsa na dusa da harawa, ya dawo wajen azahar da ledar lemo a hannu. Ya leƙa ya ce wa Nana Hadiza maɓallin rigarsa ya tsinke, ta nemo allura kafin ya yi alwala. Ya zauna a kan dakalin zaure zai cire takalmi. Ya cire na dama, ya jingina da bango. Da ta fito da allurar ta ɗauka gyangyaɗi ne ya kwashe shi, har tana masa tsiya wai tsufa ya zo. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa, haka aka ɗauke shi zuwa asibiti, likita ya ce ya riga ya tafi tun a gida. Ashe abin da ke tsakanin mutum da lahira bai kai cire takalmi biyu ba. Tun ranar ban ƙara sakin jiki da kowa ba. In na ga mutum ya jingina da bango ya lumshe ido, sai na kira sunansa na ji ya amsa. Ka san dama ni da zargi, Hamma yakan ce ko gaishe ni aka yi sai na juya gaisuwar na duba bayanta. To yanzu abin ya ninka, ko yaro ya yi shiru a ɗaki sai na leƙa.

Ka san yadda Dada take da ɗan farinta. Tun muna yara ba mu taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce wancan na zaure. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kallon fuskarsa. Kullum da safe ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta amsa daga bayan labule da kalma ɗaya, in kuwa tana da saƙo sai ta faɗa wa iska, a ce wa wancan rufin ɗaki yana yoyo. Fulako ne, haka ta taras, haka ta riƙe. Amma ka tuna furar? Kowace safiya sai ta dama fura da nono a ƙwaryar nan mai ɗinki a baki, ta rufe da faifai, ta ɗora a kan turmi, ta ɗaga murya ta ce ga saura nan ya rage mata, wanda yake so ya sha, in babu a zuba wa kaji. Kuma duk gidan nan babu wanda bai san ba saura ba ne, babu kuma wanda ya isa ya taɓa. Kai ne kaɗai ka taɓa gwadawa kana ƙarami, ka shanye tas, ina jin har yau ƙeyarka ba ta manta da ludayin nan ba. Hamma yakan zo wucewa ya ɗauka kamar tsintuwa ya yi, ya shanye a zaure, ya mayar da ƙwaryar kan turmi. Har ya yi furfura a haka suke, ba ta taɓa miƙa masa hannu da hannu ba, shi ma bai taɓa cewa ya gode ba.

Da ya rasu kai ma ka ga yadda ta yi. Ko ɗigon hawaye. Tana zaune a kan tabarma tana karɓar gaisuwa, tana tambayar mutane hanya da yaran da suka bari a gida, kamar ɗan maƙwabta aka rasa. Tsofaffin danginmu suna yabawa, wai ga Bafillatana ta asali. Wasu matan unguwa kuwa na ji su a bayan rumfa suna cewa wannan wace irin zuciya ce. Ni tsoro ne ya kama ni, don na san abin da aka haɗiye bai fita ba, yana nan ciki yana cin mutum. A cikin kwanakin gaisuwar ne Mama Elizabet ta zo. Ka tuna ta, tsohuwar malamar firamare, mutuniyar Kaltungo, wadda gidanta ke bayan mai injin markaɗe, uwar Hillary da babur ya kaɗe shekarun baya ya fita sayen burodi bai dawo ba. Tsakaninta da Dada dama gaisuwa ce kawai ta maƙwabtaka. Amma ranar sai na ga ta matsa har jikin Dada, ta kama hannunta, ta raɗa mata wata magana a kunne. Dada da ko mu 'ya'yanta ba ta son mu riƙe mata hannu, sai ga shi ba ta janye ba. Na ajiye wannan a raina.

Bayan tafiyarka abin ya fara. Na tashi da safe na ga Dada tana dama fura a ƙwaryar nan. Na ce a raina mantuwa ce, hannu ne ya saba. Amma ba ta ɗora a kan turmi ba. Da hantsi ya yi, gida ya yi shiru, sai ta zumbula hijabi, ta ɓoye ƙwaryar a ciki, ta fice. Dada fa, wadda rabonta da taka ƙofar gida tun bikin 'yar Kawu, wadda kullum take kukan gwiwa. Ta dawo kafin azahar da ƙwarya a wanke, fuska a wanke. Na tambaye ta, ta ce ta ɗan miƙe ƙafa ne. Washegari haka, wanshekare haka. Nan fa bakuna suka buɗe. Wannan ta ce wajen boka take kai furar don a duba mata wanda ya yi wa ɗanta asiri, tunda mutum ba ya mutuwa haka siddan yana cire takalmi. Waccan ta ce kan tsohuwa ne ya taɓu. Sai wani ya ce ya ga shigarta gidan Mama Elizabet, magana kuwa ta kai Dukku kafin la'asar. Kawu ya zo yana huci, ya ce an ga tsohuwa cikin rauni ana son a ja ta coci, shi kuma ba za a yi wannan da 'yar'uwarsa yana raye ba. Ya tambaye ta a gabanmu, ta dube shi ta ce ya sha ruwa, hanya da nisa. Daga nan ne ya kira ka. Ni dai ban ce Kawu ba ya ƙaunar yayarsa ba, amma na san gidansa cike yake da jikoki babu tsohuwar da za ta zauna da su, kuma na ga saurin da ya yi wajen yanke hukunci.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma zargin ya shige ni, don ni ce na ga raɗar nan da idona. Na ce wace magana ce ba za a faɗa a fili ba sai a kunne? Me tsohuwar malama take nema a wajen uwarmu bayan duk shekarun nan? Na shirya maganganun da zan gaya mata har da na ƙari. Ranar Talatar da ta wuce Dada na fita na bi bayanta, na cire silifas ɗina na riƙe a hannu don kada ta ji ƙararsu. Wallahi Abdulrazak, da ka ga tafiyarta ba za ka ce mai ciwon gwiwa ba ce. Ta wuce masallaci, ta karya kwana ta wajen mai markaɗe, ta tura ƙofar Mama Elizabet ta shiga kamar gidanta. Ni kuma na zagaya ta lungun baya na raɓe a gindin tagar ɗakin, kusa da wani zogale, ina jiran in ji an fara wa'azi ko waƙar coci in faɗa musu.

Da farko babu abin da na ji sai ƙarar ludayi a ƙwarya. Na ɗan leƙa, na ga Mama Elizabet ce take shan furar a hankali, Dada tana zaune a ƙasa ta juya wa ƙofa baya. Mama Elizabet ta ce yau nonon ya fi na jiya tsami, ta ce Hillary ma haka yake so, ta ɗan ba da labarinsa, yadda yake cinye ɓawon burodi ya bar mata tsakiyar. Sannan ta ce wa Dada to, ƙofa a rufe take. Sai na ji wata murya ta ce Bamanga. Ban gane ta ba da farko, har na waiwaya ina neman mai maganar, don tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakin nan ba. Ta sake faɗa, ta sake faɗa, kamar mai kiran yaro ya dawo daga wasa. Daga nan ta ɓarke da kuka irin wanda ban san yana cikin jikinta ba, tana magana da Fillanci. Mama Elizabet ba ta jin ko zo in kashe ka da Fillanci, sunan kaɗai take tsinta, tana gyaɗa kai. Ni ce nake ji a gindin taga, ni da ba a gayyata ba.

Tana gaya masa ne shi, ba kowa ba. Ta ce a damina ta haife shi a ruga, da gashi cike da kai. Ta ce yana tsoron kwaɗi har ya girma, ta sani, ta dai yi shiru ne. Ta ce labulen ɗakinta yana da 'yar ɓula da ta ƙi ɗinkewa, ta nan take kallonsa kullum in ya durƙusa, ta san ranar da furfura ta fara fito masa a gefen hagu. Sannan ta zo kan safiyar ƙarshe. Ta ce ta ga lokacin da zai miƙe ya dafe ƙirji, ya ɗan tsaya. Ta ga fuskarsa ta canza. Ta buɗe baki za ta ce Bamanga, me ke damunka, bakin ya ƙi. Sai ta ce wa iska a gaya wa wancan ba a ɗaure akuya ba. Ya ce to, ya je ya ɗaure akuyar, ya sha furarsa, ya fita. Maganarsu ta ƙarshe ke nan a duniya. Ta yi ta maimaita wa kanta, akuya, akuya, ɗana yana dafe da ƙirji ni ina zancen akuya. Na zauna a ƙasa cikin lungun nan na toshe bakina da mayafi.

Da ta yi mai isarta, Mama Elizabet ta kawo mata buta da ruwa, ta shimfiɗa mata wata sabuwar tabarma da na ga alama don ita aka saya, ta nuna mata gabas ta fita ta ba ta wuri. Dada ta yi alwala, ta yi nafila, ta zauna har idonta ya washe. Cocin da ake kai ta ke nan. A nan Mama Elizabet ta zagayo zubar da ruwan wanke ƙwarya ta gan ni zaune da silifas a hannu. Ba ta yi mamaki ba, ta dai ɗora yatsa a baki. Da yamma na koma ni kaɗai na gaishe ta, na kasa haɗa ido da ita, na tambaye ta abin da ta raɗa wa Dada. Ta ce ba wani abu ba ne. Ta ce mata ne ita ma ta binne ɗa ba sallama, kuma ɗakinta yana da ƙofa, babu mai jin Fillanci a gidan, babu wanda zai ce ta yi abin kunya. Ta ce furar kuwa ita ba ma'abociyar nono ba ce, yana ɓata mata ciki, amma ba za ta bari tsohuwa ta koma da ƙwarya cike ba.

To ka ji dalilina. Idan aka kai Dada Dukku, cikin dangi za ta zauna, inda kowa ke jin yarenta, kowa ke auna fulakonta. Can babu ɗakin da za ta rufe ta kira sunan ɗanta. Za ta haɗiye shi kamar yadda ta haɗiye shekara da shekaru, kuma ina gaya maka ba za ta ga wata damina ba. Wahalar ita ce ba za mu iya gaya wa Kawu gaskiya ba. Ranar da ya ji, ranar dangi za su ji, ranar kuma Dada za ta daina zuwa, don ta gwammace ciwon ya kashe ta da a ce an gan ta tana kukan ɗan fari. Saboda haka ka kira shi cikin ladabi, ka ce ka sake tunani, ba ka yarda a raba Dada da ɗakinta da marayun Hamma ba. Kada ka ba shi wani dalili bayan wannan. Zai yi faɗa, zai ce Fatakwal ta lalata ka, ka yi shiru ka sha. Ni zan ji da bakin matan unguwa, ka san wannan fannina ne. Ko Najeeba kada ka gaya wa, ba don ban yarda da ita ba, sai don tana da 'yar'uwa a nan Gombe, a unguwar Hammadu Kafi.

Ka gaishe mini da Najeeba da kyau, ka ce na ga atamfar da ta aiko wa Nana Hadiza, Allah Ya saka. Ka shafa mini kan Sumayya da Misbahu, ka ce Goggonsu tana nan tana jiran su da ƙuli-ƙuli. Nana Hadiza da yara suna gaishe ku, maigidana ma haka. Kai kuma ka je a auna maka jini, kada ka ce mini lafiyarka ƙalau, Hamma ma haka ya ce.

Saura magana ɗaya. Ina zargin Dada ta san na bi ta. Washegari ina shara ta wuce ni, ba ta dube ni ba, ta ce wa iska masu yawo ba takalmi a lungun mutane su riƙa kula da ƙaya. Jiya kuma da ta gama dama furar, ta daɗe tana kallon turmin nan, sannan ta ce ko Abdulrazak ya manta hanyar Gombe ne. Da sunanka ta faɗa, a fili, har Nana Hadiza ta ji daga ɗaki. Kada ka ce sai ka samu hutu, kada ka ce sai Sallah, babu wanda ya yi mana alkawarin Sallah. Ka zo kafin arba'in. Kai ba ɗan fari ba ne, babu abin da zai hana ta kiranka. Kullum tana tafiya gidan mutane tana kiran ɗan da ba zai amsa ba. Ka zo ka durƙusa a ƙofar ɗakin nan, ta kira ɗanta ko sau ɗaya ta ji an ce na'am.

Taka har kullum,
Addarka Suwaibatu.